Tsakanin Kuka na Farko da na Biyu

Ƙarfe goma da rabi na dare wayar gidanmu kan yi kuka,
a Montevideo, layin da ke gangarawa bakin ruwa.
Babana Anselmo ya ɗauka.
Shiru. Numfashi. Wani sa'in kamar jirgin ƙasa can nesa.
Sai a ajiye.

Shekara shida ke nan da Tabaré, ƙanena, ya fita sayo ashana.

Ni kuwa a ofishin waya nake aiki,
ɗakin da ƙarafuna ke ta ƙas-ƙas suna ɗinke murya da murya.
Na san na'ura ta san mai kira tun kafin a ɗauka,
tana riƙe lambarsa don lissafin kuɗi,
wanda ake kira ne kawai a duhu.

Na ce wa shugabanmu Berrutti:
tsakanin kuka na farko da na biyu akwai 'yan daƙiƙu,
fili ne, ba kowa a ciki,
lamba za ta iya sulalewa ta nan
kamar takarda ta ƙarƙashin ƙofa.
Ya ce tagullar layinmu ta girmi kakata,
ruwa na shigarta, kuma wa zai biya?
Har na kai ƙofa ya ƙara:
mai kiran da tsoro ya sa ya ɓuya fa?
Wannan ta bi ni har gida.

Wata takwas ina ƙona yatsu da dalma a teburin cin abinci.
Layinmu kaɗai na haɗa, a ɓoye.
Sau uku akwatin ya yi shirme: takwas, takwas, takwas.
Wata Talata na kira daga shagon burodi,
na dawo da gudu, gari a gwiwar hannuna,
ga lambar shagon tana ci da koren haske.

Daren nan muka zauna.
Goma da rabi. Kuka na farko.
Kafin na biyu Baba ya tuɓe hularsa
ya kifa ta a kan gilashin.

Eulalia, in ji shi, idan mashayi ne da ya ɓata lamba fa?
Ya ɗauka, ya saurari numfashin,
a hankali ya ce: ka dai ci abinci ko?

Abu mai yiwuwa ne. Haka na rubuta a rahoto.
Hular tana nan a kan akwatin.
Ranar Asabar nakan goge teburin,
in zagaye ta.