Rubu'in Juyi

Taraktar Alhaji Kallamu ta iso da hantsi,
tana tari kamar mai tsohuwar mura,
gas na ɗiga daga cikinta, ɗis, ɗis,
tun daga fadamar Auyo har gindin darbejiya
inda muke shimfiɗa buhu mu baje sifanu.

Direba ya diro, bai ko gama sallama ba:
"Malam Haladu, a ƙara mata mai!
Laka ta fi ƙarfinta, garma na nutsewa,
jibi za a sako ruwa, kadada tara na jira."

Maigidana bai tanka ba.
Ya shafi gefen famfo da tafin hannu,
ya duba, ya sansana,
ya goge a rigar da ta manta launinta.
"Ilu, kawo tire. Kawo sha bakwai."

Muka kwance bututu huɗu, ɗaya bayan ɗaya,
kowanne muka ɗaure masa baki da leda,
don ƙwayar yashi guda, in ji shi,
ta fi ɓarawo ɓarna a cikin famfo.
Ga sil ya bushe ya tsage kamar faso a diddige,
ga woshar tagulla an matse ta sau goma
har ta baje kamar tsohon kwabo.
Wani ya riga mu zuwa:
ya naɗa zaren buhu, ya liƙe da sabulu,
ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

"Ka gani? Ba yunwa take ji ba.
Ana zuba mata, tana zubarwa."

Ya gasa sabuwar wosha a garwashin mai shayi
har ta yi ja, ya tsoma a ruwa, ta ce cuu.
Ya zaunar da sil da babban yatsa,
a hankali, kamar mai sa wa jariri kwalli.
Ni kuwa ina ta danna ɗan famfon hannu
har kumfa ta ƙare, gas ya fito garau.

Sannan ya zo kan ƙusar nan
da masu ƙira suka ɗaure da waya da dalma,
can a bayan gwamna.
Direba ya tuntsire: "Ashe har nan akwai gwamna?"
"Akwai. Shi ke hana ta kashe kanta."

Ya sassauta noti, ya juya rubu'i.
Rubu'i kaɗai.
"Malam, ƙara mana."
"Na ƙara."

Da la'asar ya tafi masallaci.
Direba ya matso, ya cusa min dubu biyu a aljihu.
Ban ce to ba.
Amma sifana na hannuna,
kuma na ga yadda ake yi.
Juyi ɗaya cur.

Ta tashi da ruri har awaki suka watse,
hayaƙi baƙi ƙirin ya haye darbejiya,
yara na tafi, ni ina jin na zama wani.

Ran Laraba aka jawo ta da sarƙa.
Lagireto ya tafasa, tanki ya ƙafe a kadada ta huɗu,
ruwa kuwa tuni ya kwanta a sauran.

Malam Haladu ya zura yatsa a bakin salansa,
ya fito da shi kamar gindin tukunya.
Bai dube ni ba.
Ya kama ƙusar yana mayarwa, yana ƙirge a fili:
"Rubu'i. Rabi. Uku. Ɗaya."
Ya tsaya daidai inda ya bar ta.
Ya miƙo min sifana.
"Ɗaure notin."

Da dare na wanke hannu da toka, na sake da sabulu,
na kai loma, tuwon dawa na warin gas.
Inna ta ce, "Ko miyar ce ba ta yi ba?"
Na ce ta yi.
Dubu biyun na nan a aljihun rigar aiki
da na rataye a bayan ƙyaure,
sun sha mai har sun yi duhu.
Ina jin warinsu daga kan tabarma.