Yadin Ƙasan Akwati

Shekara talatin ina yankar tikiti
a bakin keken da ke hawa tudu a Valparaiso,
cikin rigar aiki mai ruwan toka,
har na manta ko akwai launin da nake so.

Ran da na cika hamsin da shida
na shiga wani kanti kusa da tashar jiragen ruwa.
Yarinyar kantin ta dube ni sama da ƙasa,
ta ce, "Inna, irin naku na can baya,"
ta nuna min lungu, jikin tsintsiya.
Na je na gani:
ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan waken da ya kwana,
riguna masu faɗin buhu,
ɗinkin da aka yi don kada ido ya tsaya a kanki.
A gaba kuwa 'yan guntaye ne masu ƙyalli,
ko damtsena ɗaya ba zai shige ba.
Na fito hannu rabbana.

Da dare na janyo akwatin mahaifiyata.
Can ƙasa, ƙarƙashin takardun asibiti,
ga yadi huɗu na kore shar,
da ɗigon ruwan lemo kamar an watsa da yatsa.
Ta saye shi tun ina goye.
Kullum cewa take, sai babbar rana.
Babbar ranar ba ta zo ba,
ƙaramar ce ta zo ta ɗauke ta.

Herminia mai ɗinki, allura uku a bakinta,
ta zagaye ƙuguna da igiyar awo.
Na riƙe numfashi.
Ta ce, "Saki cikin nan, Nelida,
ba wa 'yar shekara ashirin zan ɗinka ba,
ta tafi, ba ta bar adireshi ba."
Na saki. Muka yi dariya har allura ta faɗi.

Na ce ta sauke ta ƙasan gwiwa,
ba don kunya ba,
don iskar teku ba ta da ta ido,
kuma gwiwar hagu tana kumbura da sanyi.
Wuya a buɗe shi kaɗan,
zafin nan da ke taso min tsakar rana yana son ƙofa.
Hannu ya tsaya a gwiwar hannu.
Sai aljihu. Biyu, masu zurfi:
makulli, tabarau, ƙwayar hawan jini,
da alewar da nake ɓoye wa jikana.
Takalmi kuwa shimfiɗaɗɗe zan sa, ja,
matakala ɗari da sittin ce tsakanina da gida,
ba ni da bashin tsini a wurin kowa.

Yayata Zunilda ta zo ta tarar da ita a rataye.
Ta taɓe baki:
"Da furfurarki? Me za a ce?"
Na ce, waɗanne mutane?
Waɗanda na miƙa wa tikiti shekara talatin
ba su taɓa sanin ina da fuska ba?
Dubi gidajen tudun nan,
duk sun girme mu,
wannan shuɗi, wancan ruwan ɗorawa,
kwanonsu ya yi tsatsa,
wa ya ce su koma ruwan toka?
Ta yi shiru, tana murza bakin yadin.
Can ta ce, "Na Mama ne ko?"
Na ce nata ne.
Ta ce, "Akwai saura?"

Ban jira biki ba.
Ranar Talata na sa ta,
na sauka kasuwar kifi da jakar leda.
Ba wanda ya juyo, sai wani kare.
Mai kifi ya ce farashi ya hau,
na ce ya rage, ya ƙi.
Ɓawon kifi ya manne min a gefen aljihu,
na bar shi.
A gilashin wani shago na hangi wata mata
tana hawa tudu a hankali, kore shar,
tana tafiya irin ta mahaifiyata,
sai dai wannan ta buɗe akwatin.