Kasuwa Biyar

Ƙarƙashin darbejiyar nan ta bakin hanyar Kwangwalam
na shekara ashirin da bakwai ina kwance noti ɗaya,
ina tara tsohon kwano a gindin inji
in ga abin da mutum ya ɓoye wa ƙarfensa yana tsiyaya.

Barmo ya kawo tirelarsa ran Laraba,
goro a kunci, littafi a aljihun ƙofa.
Bai tambaye ni komai ba, shafi ya buɗe:
Daura, Kano, Lakwaja, Fatakwal, a juyo,
sawu shida, dubu goma sha biyar saura ƙiris.
Jarka biyu ta sintetik cikinta ya shanye,
muka sa sabuwar filta,
don ba a wanka a mayar da rigar jiya.

Sallau na gefe, ƙafa ɗaya kan babur,
kunnensa ya tsinci lissafin da ba nasa ba.
"Ashe haka man nan yake daɗewa?"
Ya sayi lita guda, kuɗin cefanen kwana uku,
ya ce shi da juye sai gero ya shiga rumbu.

Na ce, Sallau, cikin giwa daban, na zomo daban.
Ita tana miƙe hanya, ruwa na fifita mata zuciya.
Naka fa? Lita ɗaya tal,
ita ce ta inji, ita ce ta kuloci, ita ce ta giya,
ba lagireto, sai iskar da Allah ya ba ka,
ga bazara, ga goyon buhu da mai buhun,
ka tayar, ka kashe, ka tayar, sau sittin kafin la'asar.
Mai mai kyau ne, ban musa ba,
amma ko ingarma yana gajiya.

Ya nuna min mita, allurarta ta mutu tun bara.
Na ce to ƙirga kasuwar Mai'aduwa.
Lahadi biyar, ka zo.
In ka ji giya na gardama kafin nan, kada ka jira ta biyar.

Ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Baba Dikko na neman na goro."

Kasuwa biyar ta ci, ban gan shi ba.
Ta tara, ya wuce ni yana hon, hayaƙi shuɗi na bin sa.
Ta goma sha huɗu ita ce jiya.

Yau da hantsi sai ga shi a ƙasa,
yana tura abin da ya saba ɗaukarsa,
gumi ya zana taswira a bayan riga.
Na kwance notin. Shiru.
Can sai ya ɗigo, da kauri kamar kwalta,
bai cika kofin shayi ba.
Na murza a yatsa, garin ƙarfe na ƙyalli a ciki.

"Ai mai tsada na saya," in ji shi, a hankali,
ba da ni yake ba.

Na faɗa masa kuɗin fistin da ringi.
Ya zauna kan tsohuwar taya, ya daɗe yana kallon kwanon.
Sannan ya ɗago: "Lahadi nawa ka ce?"

Na ɗaga masa hannu,
yatsu biyar, duka baƙaƙe.