Matakala Goma Sha Bakwai

Na ƙirga su ranar Litinin:
goma sha bakwai.
Ta tara ta gutsure a baki,
a nan Barira ke tsayawa ta ja numfashi,
ƙaninta a bayanta,
igiyar jakarsa a haƙoranta.

Shekarunta sha huɗu, nasa sha biyu.
Kekensa yana ƙasa, gindin darbejiya,
yara na tura juna a kai
har a kaɗa ƙararrawar tashi.

Ni mai walda ne a Ƙofar Doka.
Na san ƙarfe, na san inda yake fara gajiya.
Bayan 'yata ba ƙarfe ba ne.

Sau uku na je ofis.
Na farko, shugaba ya tafi taro Kaduna.
Na biyu, aka ba ni benci da haƙuri.
Na uku, ya dube ni ta saman tabarau:
"Malam Ɗanjuma, ai irinsu akwai makarantarsu.
Mu nan ba mu da kayan aiki."

Irinsu.
Kalmar ta tsaya mini a haƙori kamar tsakuwa a shinkafa.
Jazuli ne fa, mai riƙe mini littafin bashi,
wanda ya kama mai sayar mana da rodi
da kuskuren dubu biyu da ɗari huɗu.
Na ce, ranka ya daɗe,
ƙafa shan-inna ta ɗauka, kan yana nan.
Ba sadaka na zo roƙo ba.
Sunansa na cikin rajista, lamba ta talatin da ɗaya,
kuma yaron da aka rubuta a aji
haƙƙinsa ne ya iya isa ajin.

Ya ce babu ɗaki a ƙasa.

Da zan fita na leƙa wata taga.
Ɗaki ne, mai faɗi, har da allo,
maƙil da kujeru masu karyayyun ƙafafu,
an jibge su har rufi, gizo-gizo ya yafa musu mayafi.
Na tsaya ina dariya ni kaɗai,
har maigadi ya zaci na zautu.
Kujerar da ta rasa ƙafa ta samu ɗaki a ƙasa,
ɗana an ce ya hau bene.

Ranar Asabar na ari janaretan Iliya mai faci,
muka turo shi a baro tun daga Tudun Wada.
Kujera sittin da uku.
Hayaƙi ya ci mini ido, ban tsaya ba.
Malama Rifkatu mai koyar da lissafi
ta zo da zoɓo a galan da takarda a hannu,
ta bi iyaye gida-gida,
mai sa hannu ya sa, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa.
Ita ta kai ofishin ilimi, da kuɗin motarta.

Ɗaki ya zama wayam.
Hujja ta ƙare.

Yanzu Jazuli da kansa yake shiga,
taya na barin layi biyu a siminti,
Barira kuma ta miƙe, ashe doguwa ce.

Kada ku yi guɗa tukuna.
Ƙofar banɗaki ta fi kekensa ƙunci,
shi ya sa ba ya shan ruwa da safe,
ya zaci ban lura ba.

Jiya wata mata ta zo rumfata daga Limancin Kona.
'Yarta Hajjo ba ta gani,
ta haddace izu ashirin da kunne kawai,
an ce babu malamin rubutun makafi.
Na dubi injina, na dubi hannuna.
Wannan ba ya waldatuwa.

Gobe za mu ofis tare.
Na ce ta karya kumallo sosai kafin ta fito,
bencin nan yana da tauri,
kuma ni na riga na san
sai a zuwa na uku ake ɗago kai.