Dutsen Bayan Gidanmu

Rezo ya fi ƙarfi a kan dutsen bayan gidanmu,
can nake hawa bayan la'asar
da wayar Barira mai tsagaggen gilashi.

Malamar da ban san tsayinta ba
ta ce duwatsun Damagaram
narkakku ne a da, kamar kunu a tukunya,
suka huce a cikin ƙasa ba gaggawa.

Na shafa shi. Da sauran ɗumi.

Wai shi ya hana ruwa wurin kwana.
Na hango jarkokinmu, rawaya,
a layin famfon Garin Malam tun asuba.

Daga tsakar gida Inna Tamadi ta ɗaga murya:
"Tambayo mana ita, ina zurfin ya ƙare?"

Ina cikin rubutawa
caji ya mutu.
Ƙadangare ya gyaɗa mini kai.