Mazubin Uwar Shayi

Tasalla ta ba ni uwa a Gwammaja,
Fara, mai santsi kamar ganda.
Ta ce, "Kombuca ke nan, bi ta a hankali,
Tsaminta yana cin mazubi."

Na ɗauko langar kakata,
Mai jan fure, gindi ya ɗan ɓantare.
Kwana biyar tsatsa ta fito,
Shayi ya ɗauki ɗanɗanon ƙusa.
Na tuttular a kwata ina ƙunƙuni.

A Kurmi na ga tulu mai sheƙi.
"Malam, da me aka shafe cikinsa?"
Ya ce, "Wallahi, sarowa na yi."
Na tuna dalma, na ajiye masa abinsa.

Bokitin roba kuwa, fenti ya taɓa kwana ciki,
Ko an wanke, hanci bai manta ba.

Sai kwalbar zuman Baba Ɗanlami,
Mai faɗin baki, ba tsaga ko ɗaya.
Na ɗauraye da ruwan zafi,
Na rufe da ƙyallen tsohon mayafi,
Na ɗaure saboda ƙuda.

Tana bayan ƙofa yanzu, cikin inuwa.
Yau da asuba na leƙa,
Ashe uwa ta haifi 'ya.