Matakala Goma Sha Bakwai

A harabar ofishin magajin garin Marwa aka karanta mana ƙa'idojin,
da Faransanci tukuna, sannan Fulatanci,
Hausa ta zo ƙarshe a bakin wani yaro mai mura.
Na ji duka. Shan-inna bai taɓa kunnena ba.

Ta farko: ka shekara biyar a garin nan.
Ni a Kakatare aka binne cibiyata.
Ta biyu: kada a bi ka bashin haraji.
Rasiɗaina na cikin gwangwanin maɓallai, gefen keken ɗinki.
Ta uku na manta.
Ta huɗu: kujera goma sha biyu, ba a tambayar ɗan wane,
ba ruwanmu da masallaci ko coci, mace ko namiji,
mai taku ko mai rarrafe.
Aka tafa. Ni ma na tafa
da hannuwan da ke yi mini aikin ƙafa.

Sai ga sunana a allo:
Tabawa Ɗan'azumi, tela, Kwamitin Shawarar Gari.

Ɗakin taro yana bene.

Matakala goma sha bakwai.
Daga ƙasa na ƙirga su, kamar mai ƙirga kuɗin wani.
Laraba ta farko masinja ya ce, kawo in goya ki.
Na ce ɗana, shawara aka kira ni in bayar,
ba buhun dawa aka aiko ba.
Na tsaya gindin darbejiya, ƙarfen kekena ya ɗau zafi,
ta taga ina jin fanka, da tari, da “mun amince”.
Laraba ta biyu na zo da ɗinki, na gama wuyan riga biyu.
Ta uku aka yi ruwa, Mayo Kaliyawo ya kawo,
na iso jiƙe, na koma jiƙe.

Sai takarda mai shuɗin hatimi.
Ƙa'ida ta tara: wanda ya rasa zama uku a jere
ya bar kujerarsa.
Wai ban halarta ba.
Na juya ta, ko bayanta ya fi gabanta kunya.
Fari fat.

Laraba ta huɗu na je mayar musu da abinsu,
sai ga Matakon, tsohon malamin makarantar nan ɗan Mokolo
da muka taɓa cacar baki kan kuɗin wando,
yana saukowa da kujera a ka, gwiwa na ƙara.
Ya ce sau biyu ya karanta ƙa'idojin daren jiya,
bai ga inda aka rubuta bene ba.
Bayansa Dudu mai kifin Maga,
Hamajoda majemi da warin fatunsa,
wata malamar asibiti, da wasu biyu
da na san inuwa kawai suka biyo.

Shugaba ya leƙo ta taga:
taro ba ya ƙulluwa sai da bakwai, ku shida ne.
Na ce ranka ya daɗe, a sake ƙirgawa,
a fara daga ƙasa.
Su biyar suka rage a sama,
ba su isa ko korata ba.

Muka yi maganar kwatar Domayo da fitilun kasuwa.
Na ce a fara da kwata.
Matakon ya ce ban san lissafi ba, ya ɗaga hannu ya kayar da ni,
huɗu da uku.
Wallahi wannan kayen ya fi mini tafin rannan daɗi.

Magini ya zo da awo, ya duba matakalar, ya yi tsaki,
ya ce sai kasafin baɗi.
Har yanzu goma sha bakwai ne.
Damina ba ta ƙare ba, darbejiya kuwa tana yoyo.
Daren nan tamfol nake ɗinkawa,
kuma kuɗin zaren sai kwamiti ya biya.